Kuɗin Wuta a Hanya Yake: Abin da Ya Kamata Ku Sani kan Itace, Gawayi da Ɓuntu a Zariya

Itacen da ake faskarawa a bakin titin Palladan ba a Palladan ya tsiro ba. Haka gawayin da ake ƙullawa a leda a kasuwar Samaru, haka wanda ake sauke buhunansa a Sabon Gari. Gidaje sun cinye filayen unguwannin nan, 'yan gonakin da suka saura wajen Bomo da Basawa kuwa ba su da itatuwan da za su riƙe murhun gari guda. Daga nesa kayan ke zuwa, wasu ta hanyar Giwa da Funtuwa, wasu ta hanyar Kaduna, wasu ta hanyar Jos. A inda aka sare shi, itacen bai fi ladan gatari ba. Kafin ya iso hannun mai tuyar ƙosai, kuɗinsa ya riɓanya. Ita tana ganin itace ta saya, alhali mafi yawan abin da ta biya na man dizal ne, da lodi, da shingayen hanya, da hayar fili, da ribar hannuwan da kayan ya ratsa.

Makamashin tsirrai ba baƙo ba ne a wurinmu. Itace ne da gawayi, da karan dawa, da totuwar masara, da ɓuntun shinkafa, da ɓawon gyaɗa, da tuƙar rake, da garin katako, har da kashin shanu. Akasarin gidajen Arewa da irin waɗannan suke girki. Tun da aka janye tallafin kananzir a 2016, sannan aka janye na fetur ranar 29 ga Mayu 2023, darajar naira kuma ta zube, gidaje da dama da suka saba da gas sun jingine tukunyarsa sun koma gawayi. Ba gidaje kaɗai ba. Gidajen burodi, masu tsire, masu shayi, matan da ke turara shinkafa, ɗakunan girkin makarantun kwana, duk wuta suke saye kullum. Kasuwa ce babba wadda ba ta da ofis ba ta da rajista, amma ba ta taɓa shiga yajin aiki ba.

Tsakanin daji da murhu akwai mai sara, da mai tarawa a bakin hanya, da dillalin da ke haɗa shi da mai mota, da 'yan lodi, da mai sari a gari, da mai faskare, da mai kasawa kashi-kashi a ƙofar gida. Tsara wannan hanya yana nufin amsa 'yan tambayoyi ne: a ina za a tara kayan, a wace siffa za a ɗauko shi, da wace irin mota, ina za a ajiye, kuma na wata nawa. A jami'o'i ana ɗora tambayoyin nan a kwamfuta da taswira, a sa ta nemo haɗin da ya fi arha. Dillalin itace a kansa yake lissafinsa, kuma sau da yawa amsarsa ba ta nisa da ta kwamfutar. Inda yake gazawa shi ne abin da zai faru da dajin bayan shekara goma, domin ba wanda ke biyansa ya yi wannan tunanin.

Abu na farko da ke cin kuɗi a hanya shi ne ruwa. Ɗanyen itace kusan rabin nauyinsa ruwa ne. In ya sha rana da iskar hunturu, ruwan kan sauka zuwa kashi 15 ko 20 cikin ɗari, sai zafin da kilo guda ke bayarwa ya kusa ninkawa. Wato motar da ta ɗauko ɗanyen itace tan 10 ta ƙona mai ne ta yi dakon ruwa tan 5 zuwa gari, sannan mai girki ta sake ƙona wani itacen don ta kore wannan ruwan, ga hayaƙi. Gyaran bai buƙatar inji. A sare a farkon rani, a faskara, a jera a bakin daji ya bushe, sannan a kira mota. Abin da ke hana hakan shi ne mai saran yana son kuɗinsa yau, kuma itacen da aka bari a daji wata uku ba shi da mai gadi, ga ɓarawo ga wutar daji.

Wannan ne ma sirrin gawayi. A ramin gargajiya da ake rufewa da ganye da ƙasa, sai an ƙona busasshen itace kilo 7 zuwa 10 kafin a sami gawayi kilo guda. Kilon gawayin nan yana da zafin da ya kai ninkin na kilon itace, amma ko da haka, fiye da kashi biyu cikin uku na ƙarfin itacen ya tashi sama tun a daji. Asara ce mai yawa, to me ya sa ake yi? Saboda hanya. Gawayi ba ya ruɓewa, gara ba ta cinsa, yana shiga buhu, kuma mota guda ta gawayi tana ɗauke da zafin da ya fi na motar itace nesa ba kusa ba. Duk sa'ad da daji ya ja da baya, gawayi ke ƙara rinjaye, gawayi kuwa ya fi itace cin daji. Kirya da marke, waɗanda suka fi ba da gawayi mai riƙe wuta, su ke fara ƙarewa, daga nan gatari ya koma kan kaɗanya da ɗorawa. Akwai ramuka na zamani masu bututun hayaƙi, irin wanda aka ƙirƙiro a yankin Kasamans na Senegal, da ke iya fitar da kilo guda daga itace kilo 4 ko 5. Wanda ya gyara wannan mataki ɗaya ya rage rabin saran ba tare da ya taɓa farashin mota ba.

In matsalar itace ruwa ce, ta ɓuntu da kara iska ce. Tirelar da ke ɗaukar buhun siminti 600, wato tan 30, in aka cika ta da ɓuntun shinkafa har baki, da ƙyar kayan ya kai tan 8, domin ɓuntun da zai cika akwati mai mita guda a tsawo da faɗi da zurfi bai wuce kilo 100 zuwa 120 ba. Karan da ba a matse ba ya fi haka rashin nauyi. Mai mota kuwa ba ruwansa da nauyin kayanka, kuɗin tafiya yake karɓa.

Bari mu kwatanta da lissafi. A ce wani yana son kafa tashar lantarki mai ƙarfin megawat 1 a wajen Basawa, wadda za ta riƙa ƙona ɓuntu. Irin wannan tasha takan ci kimanin kilo ɗaya da rabi kafin ta ba da yunit guda na wuta. In za ta yi aiki awa 7,000 a shekara, tana bukatar ɓuntu wajen tan 10,000. Ɓuntu kashi ɗaya cikin biyar ne na nauyin shanshera, don haka sai an casa shinkafa tan 50,000 kafin a tara wannan. A tirela, sawu 1,250 ke nan, fiye da uku kowace rana, damina da rani, Juma'a da Sallah. Megawat 1 kuwa ba zai ishi Samaru ita kaɗai ba. Mutane da yawa da suka ji labarin ana samar da lantarki daga shara sukan fara da tambayar kuɗin inji. Da sun fara da ƙirga tirelolin nan, da wasunsu sun huta.

Maganin iska shi ne matsewa. Ana cura ɓuntu ko garin katako ko niƙaƙƙiyar totuwa da inji mai ƙarfi su zama sanduna masu tauri, sai mota ta ɗauki kusan ninki huɗu na abin da take ɗauka a da. Akwai kuma wata hanya mai sauƙi: a babbake kayan a cikin duro ya zama baƙi, a daka, a kwaɓa da kokon rogo, a cura, a shanya. Ta farkon tana son lantarki mai ƙarfi wanda ba ya yankewa, in ko da janareta za a juya injin, dizal ya cinye ribar. Ta biyun tana son rana, don haka takan tsaya cik a watan Agusta, daidai lokacin da gawayi ya fi tsada.

Babbar tambaya ita ce inda za a ajiye injin matsewar, kuma Zariya ta taɓa amsa ta. Kamfanin auduga na Ingila, BCGA, wanda aka kafa a 1902, ya gamu da kaya mai cika ido marar nauyi, warwatse a hannun dubban ƙananan manoma. Abin da aka yi shi ne buɗe fulotai a ƙauyuka inda ake awo da tantance daraja a lokacin da aka ƙayyade, da gina injinan gurza a Zariya da Funtuwa da Gusau, kusa da gonakin kuma a bakin layin dogo, wanda ya iso Zariya a 1911. A nan ake raba gurya, a matse audugar ta zama dila, sannan ta kama doguwar hanya. Kaya marar nauyi gajeriyar tafiya yake yi, sai an matse shi yake yin doguwa. Tsarin ya ƙwari manomi a farashi, wannan sananne ne, amma ta fuskar dako an san abin da ake yi. Mai injin curi da ya ajiye shi a Palladan don ya fi kusa da gidansa, yana jigilar totuwa daga Soba ko Saminaka, ya juya lissafin a baibai.

Girman masana'anta ma yana da iyaka. Babban inji ya fi ƙarami arhar aiki, amma yana tilasta wa mai shi ya faɗaɗa da'irar da yake tattaro kaya. Da'ira mai nisan kilomita 20 daga tsakiya tana da fili kimanin hekta 125,000. In aka mayar da nisan 40, filin ya zama hekta 500,000, ninki huɗu, amma kowane buhu tafiyarsa ta ninka. Akwai wurin da arhar babban inji da tsadar dako suke cin karo, kuma nemo wannan wurin shi ne rabin aikin masu tsarawa. Taswira ma takan yi ruɗi. Ƙauyen da ke kilomita 15 a bayan fadamar Galma, wanda babu mai shigarsa a damina sai babur, ya fi wanda ke kilomita 50 a bakin kwalta nisa.

Saboda haka ya kamata a bambanta kayan da wani ya riga ya tara da wanda ke warwatse. Ɓuntu a bayan injin casa yake, tsibi guda. Garin katako a wurin masu yankan katako na Sabon Gari yake. Totuwa a inda aka yi sussuka take. Waɗannan an riga an biya kuɗin tattaro su, mai shinkafa da mai masara ne suka biya. Shi kuwa kara, sai an bi gona gona, a yanka, a ɗaure, a ɗora a amalanke.

Mafi kyawun hanya ma ita ce wadda ba a yi tafiyar ba sam. Masu mazarƙwaila a ƙasar Maƙarfi da Kudan suna matse rake, su shanya tuƙar, su mayar da ita ƙarƙashin kaskon da ke dafa ruwan. Manyan kamfanonin sukari na Barazil da Moris wannan dabarar ce suke yi da tukwanen tururi, har su sayar da rarar lantarki. Manyan injinan shinkafa da ke turara shanshera da ɓuntunsu su ma haka ne. A shekarun 1990, da kananzir ya yi wuya, murhun garin katako da aka laƙaba wa sunan Abacha ya bazu a garuruwa saboda garin na nan kusa kuma kyauta ne. Kashin shanu da tumbin mayanka, irin na mayankar Zango, kusan kashi 80 cikin ɗari ruwa ne. In za a fitar da iskar girki daga gare su, a gindin mayankar ko garken za a gina ramin, a kuma ƙona iskar a nan kusa. Wanda ya sa su a mota ya riga ya faɗi.

Sai maganar da masu rubuta takardun neman jari suka fi tsallakewa. Sukan ɗauki yawan masarar da Jihar Kaduna ke nomawa, su ninka da wani adadi, su ce ga tan kaza na sharar gona ana asararsa. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san kara ba shara ba ne. Da shi ake darni da zana da gadon kara, da shi ake girki, tokarsa ake tacewa a yi miya da sabulu. Harawar gyaɗa da ta wake kuɗi ce tsaba, masu kiwo na saye dami dami. Abin da ya saura a gona shanun Fulani ke ci, su bar taki, wanda tsohuwar yarjejeniya ce tsakanin manomi da makiyayi. In masana'anta ta zo ta kwashe karan, ba manomi kaɗai ta shiga wa ciniki ba, ta taɓa abincin shanu a tsakiyar rani, a lokacin da zaman lafiya tsakanin ɓangarorin biyu yake da rauni.

Ƙasa ma tana da rabonta. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda asalinta ya koma 1922, tana da wani filin gwaji da aka fara tun 1950, inda ake kwatanta takin shanu da takin zamani shekara da shekaru a kan fili ɗaya. Darasin da ya fito shi ne ƙasar yankin nan ba ta da yalwar ruɓaɓɓen tsiro a jikinta, kuma takin zamani shi kaɗai ba ya riƙe ta, sai an haɗa da abin da ke ruɓewa. Gonar da ake share wa kara ƙaf kowace shekara bashi ake ci a wurinta. Don haka a ganina totuwa da ɓuntu da ɓawon gyaɗa da garin katako su ne abin dogaro. Karan auduga ma ya shiga, tunda dama ana umartar manomi ya tuge shi ya ƙona don kashe tsutsa. Karan dawa da na masara a bar wa masu shi.

Ko kayan da ake zubarwa a yau, ranar da mota ta fara zuwa ɗaukarsa a kai a kai, ranar zai yi farashi. Ɓuntu da garin katako suna da masu nema tun yanzu, domin masu kiwon kaji na shimfiɗa su a ɗaki, kuma gidajen kaji sun yawaita a kewayen Zariya. Wanda ya gina sana'arsa a kan zaton kyauta zai samu, shekara guda zai ji daɗi. Gara tun farko a zauna da mai injin casa a yi yarjejeniya, a sa farashi, a sa shaidu, kuma kada a dogara da mutum ɗaya.

Lokaci shi ma kuɗi yake ci. Ruwan Zariya yakan sauka daga Mayu zuwa farkon Oktoba. Masara da gyaɗa na shigowa a Satumba da Oktoba, shinkafa ta biyo, dawa sai Nuwamba da Disamba, matsar rake kuma aikin rani ce. Murhu kuwa kullum sai ya ci. Wanda zai dogara da totuwa dole ya saya a wata uku abin da zai ƙona a wata goma sha biyu, ya nemi rumfa, ya ɗaga kayan daga ƙasa saboda gara da laima, ya raba tsibin gida-gida saboda gobara, ya kuma haƙura da jarinsa da ke kwance. A nan ɓuntu ya yi fice. Ɗan kasuwa ne ke ajiye shansherarsa a sito yana casa kaɗan-kaɗan duk shekara, wato shi ke ɗaukar nauyin ajiyar, ɓuntun kuma yana fitowa kowane mako. Masu dabara sukan haɗa: totuwa bayan kaka, ɓawon gyaɗa da rani, ɓuntu da garin katako da damina.

Sai dai ba kowane murhu ke cin kowane kaya ba. Kashi ɗaya cikin biyar na ɓuntu toka ce, tokar kuma kusan yashi ce zalla, tana cinye haƙoran injin curi cikin ɗan lokaci, tana toshe murhun da ba a yi shi dominta ba. Totuwa tokarta kaɗan ce, tana ci da kyau. Ga kuma batun awo. Itace da ido ake cinikinsa, gawayi da buhu, buhun kuwa wani sama manyan gaɓoɓi ne ƙasa gari. In aka koma sikeli, sai mai son zuciya ya yayyafa ruwa ko ya zuba yashi. Fulotin auduga yana da malamin da ke duba daraja kafin awo. Wurin tara totuwa ma sai da irinsa, da ɗan abin gwada laima, in ba haka ba mai gidan burodi zai saya sau ɗaya, wutarsa ta mutu a tsakiyar gashi, ba zai ƙara ba.

An taɓa ganin abin da gaggawa ke haifarwa. Bayan gwamnatin tarayya ta fitar da manufar man tsirrai a 2007, an yi ta yayata bini-da-zugu, ana cewa zai ba da dizal a ƙasar da ba ta noma. A ƙasashe da dama na Afirka da Asiya manoma sun shuka, sai ga 'ya'yan kaɗan, ba sa nuna lokaci ɗaya, tsintarsu na cin ma'aikata, mai sayen da aka yi alkawari kuma bai zo ba.

Mu koma kan itace, domin shi ne zai ci gaba da riƙe yawancin tukwane na tsawon lokaci. A 1990 Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta buga littafin Wood Fuel in Kano, aikin wasu masana ciki har da Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello kafin ya koma Bayero. Ana zaton za a tarar Kano ta aske itatuwan kewayenta. Sai aka ga akasin haka. Gonakin da ke kusa da birni suna riƙe da itatuwansu, domin kowace bishiya tana da mai ita, rassa yake sassabewa ba ya kayar da ita. Itacen da birni ke ƙonawa kuwa manyan motoci ke kawo shi daga dazuzzuka masu nisa da ba su da mai tsaro. Ɓarnar ba ta ragu ba, mota ce ta kai ta inda ido ba ya gani.

Nijar ta gwada gyara wannan da gangan, kuma nan ne misali mafi kusa da mu na hanyar makamashi da aka zauna aka zana. Daga 1989, da taimakon Bankin Duniya da ƙasar Danmak, an auna dazuzzukan da ke ciyar da Yamai da Maraɗi da Damagaram, aka fitar wa kowane birni da taswirar inda itacensa zai fito. Wata doka ta 1992 ta kafa kasuwannin itace na karkara. Ƙauye ke karɓar ragamar dajinsa, a yanka masa adadin da zai sara a shekara, a raba dajin kashi-kashi ana zagayawa don wanda aka sara ya farfaɗo. Mai mota ba ya shiga daji da 'yan saransa, a kasuwar ƙauye yake saye. A nan ake karɓar haraji, a raba tsakanin ƙauyen da ƙaramar hukuma da baitulmali. Dabarar da ta fi burge ni ita ce yadda aka karkasa harajin: itacen dajin da ake kula da shi ya fi sauƙin haraji a kan na dajin Allah-ya-ba-ku, kuma wanda aka ɗauko daga nesa ya fi na kusa da birni sauƙi. Da haraji aka karkata akalar motoci daga wuraren da suka gaji. Dajin Baban Rafi da ke kudu da Maraɗi, dab da iyakar Najeriya, yana cikin inda aka kafa irin waɗannan kasuwanni.

Tsarin bai tafi sumul ba. Itacen sata ya ci gaba da shiga birane ta bayan fage, an riƙa wuce adadin da aka yanka, wasu kwamitocin sun mutu bayan kuɗin tallafi ya ƙare, kuma a 'yan shekarun nan 'yan bindiga sun addabi yankin. Abin da ya fi ɗorewa a ƙasar Maraɗi shi ne sassabin zamani, wanda ya fara yaɗuwa daga 1983 ta hannun Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya, da manoman yankin: maimakon ƙone kututture a lokacin sharar gona, a zaɓi tohonsa biyu ko uku a raine su. An ƙiyasta hakan ya mayar da itatuwa kimanin miliyan 200 a fili hekta miliyan 5. Itacen da ya fito daga gonar da ke kilomita 10 da gari, amalanke ma ta isa ta kawo shi.

A wajenmu rashin tsaro ya riga ya sake zana taswirar ba tare da shawarar kowa ba. Dazuzzukan Birnin Gwari da na yammacin Giwa sun yi shekaru suna da hatsarin shiga. Duk direban da ya yarda ya je sai ya ɗora kuɗin kasadarsa, wanda ya ƙi kuma ya nufi wata hanya mai nisa. Ga shingaye, kowanne da abin da ake miƙawa, da rasit ko babu. Duk wannan a cikin ledar gawayin ɗari biyar yake ƙarewa.

Ƙarshen hanyar shi ne murhu, kuma nan ne aka fi zubar da abin da aka sha wahalar kawowa. Murhun duwatsu uku kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na zafin itace kawai yake kai wa tukunya. Shi ya sa kilo guda na gas ke yin aikin itace kilo 10 zuwa 12. Murhu mai rufi da ke tattara wuta yana iya rage cin itace da kashi ɗaya cikin uku ko fiye, wato mota ɗaya cikin uku ba sai ta taso ba. Hayaƙin ma ba abin wasa ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta kashe mutum miliyan 3.2 a 2020, kuma mata da yara ne suka fi shaƙarta.

Wanda zai shiga sana'ar curi ko totuwa, daga wutar mai saye ya kamata ya fara ƙirga, yana komawa baya. Gidajen burodi da makarantun kwana sun fi gidaje ɗaiɗaiku sauƙin farawa, domin suna saye da yawa, a wuri ɗaya, kowane mako, kuma sun san ainihin abin da suke kashewa. Ya kuma sa a ransa cewa bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, ta wannan yankin ya bi, kuma ranar da ya fara aiki manyan masana'antu na iya komawa can. Abin mamaki, ilimin da ake bukata duk yana nan tsakanin Samaru da Basawa da Shika: masu nazarin amfanin gona, da cibiyar fasahar sufuri da aka kafa a 1986, da cibiyar binciken sinadarai, da ta kiwon dabbobi. Mai faskare a Palladan yana wuce ƙofofinsu a kan babur.

Saura abu guda da ake yawan mantawa, wato komawar mota. Kanta ko a-kori-kura da ta kawo kaya daga ƙauye ta koma wayam, kuɗin sawu biyu mai kayan ya biya. A kewayen Kano ta da, jakin da ya shigo birni da itace da safe yakan fita da mangalar taki da yamma. Har yanzu da rani ana kai sharar gari gonakin bakin Zariya a tifa. Tokar gidajen burodi da kashin kaji suna da masu so a ƙauyukan da totuwar ke fitowa, kuma duk buhun da motar ta koma da shi yana rage wa buhun da ta kawo kuɗin hanya.